Yadda Kirista Zai Tattauna Addini a Intanet da Wanda Ba Kirista Ba

Wata Lahadi bayan an tashi daga sujada, wani saurayi daga zumuntar matasan majami'armu ya tare ni a ƙarƙashin darbejiyar da ke bakin ƙofa, ya miƙo mini wayarsa yana murmushi. Ya ce, "Baba, duba ka ga yadda na ƙure su jiya." Na karɓa na yi ta ja da yatsa, sharhi bisa sharhi, tun daga bayan la'asar har wajen ƙarfe biyu na dare, shi kaɗai da mutum biyar ko shida suna fafatawa a kan ko an gicciye Almasihu. Yaron ya yi karatu, ayoyin da ya kawo kuma daidai suke. Da na kai ƙarshe sai na tambaye shi ko a cikin mutanen nan akwai wanda ya san garinsa ko sana'arsa, ko kuma wanda yake jin zai sake yi masa sallama gobe. Ya yi shiru, can ya ce biyu daga cikinsu sun riga sun toshe shi.

Saboda irin wannan saurayi nake rubuta wannan jagora, domin na san himmarsu ta gaskiya ce, na kuma san yawan barci da kuɗin data da suke sadaukarwa. Tambayar da ta kamata a fara amsawa ita ce ko muƙabala a Facebook ko TikTok ko zauren WhatsApp tana sa wanda ba Kirista ba ya karɓi Almasihu. Abin da na gani da idona, da abin da tarihi da bincike suka nuna, shi ne da wuya ƙwarai ta yi hakan ita kaɗai. Tana iya kawar da wata gurguwar fahimta, tana iya dasa tambaya a zuciyar wani da ke karantawa bai ce uffan ba, amma galibi mutum kan sauya addini ne ta hannun wanda ya sani kuma ya amince da shi, sau da yawa bayan shekaru. A kan wannan na gina duk shawarwarin da ke biye.

Ka fara sanin iyakar abin da muƙabala ke iya yi

Jayayyar Kirista da Musulmi a bainar jama'a ta girmi intanet da ƙarnuka. A watan Afrilu na 1854, a birnin Agra na ƙasar Indiya, wani mai bishara Bajamushe, Karl Pfander, ya zauna da Sheikh Rahmatullah Kairanawi kwana biyu a gaban taro, suna kai-kawo a kan ko an shafe hukuncin Littafi Mai Tsarki da kuma ko an gurɓata shi. Aka watse kowane ɓangare yana cewa shi ya yi rinjaye, kuma da yawa daga hujjojin da aka baje a wannan zama su ne har yau matasanmu ke jifan juna da su, ko da ba su san asalinsu ba. A cikin malaman da suka halarta a ɓangaren Musulmi akwai wani mai suna Imaduddin, wanda aka yi wa baftisma a 1866, wato shekara 12 bayan muƙabalar. Bisa ga labarin da shi kansa ya bayar, bai bar taron da niyyar zama Kirista ba. Ya yi shekaru yana yawon zuhudu da neman kwanciyar rai, har sai da ya ji cewa tsohon abokinsa Safdar Ali ya zama Kirista, sannan ya ɗauki Sabon Alkawari da nufin samo hujjar da zai dawo da abokin nasa, karatun kuma ya kai shi inda bai yi niyya ba.

Waɗanda suka manyanta a cikinmu za su tuna kaset ɗin muƙabalar malamin Musulunci Ahmed Deedat da mai wa'azin Kirista Jimmy Swaggart ta 1986 a Baton Rouge ta Amurka, wanda ya yi yawo gida-gida a arewacin Nijeriya. Abin da na shaida a lokacin shi ne Musulmin da ya kalla ya tashi da ƙarin tabbaci a kan addininsa, Kiristan da ya kalla kuma ya koma majami'arsa yana neman amsa, ba tare da ɗayansu ya sauya alƙibla ba.

Masu bincike sun bi diddigin wannan al'amari. A farkon shekarun 1960 wasu masana halayyar jama'a biyu, John Lofland da Rodney Stark, sun zauna tare da wata ƙaramar ƙungiyar addini a San Francisco suna lura da waɗanda ke shiga cikinta da waɗanda ke zuwa su saurara su tafi. Sakamakon da suka wallafa a 1965 ya nuna cewa waɗanda suka shiga su ne waɗanda shaƙuwarsu da 'yan ƙungiyar ta rinjayi shaƙuwarsu da mutanen waje, kuma sai daga baya suke cewa koyarwar ce ta jawo su. Haka kuma Dudley Woodberry na makarantar tauhidi ta Fuller da ke Amurka ya tattara amsoshin mutum 750 da suka bar Musulunci suka zama Kirista, daga ƙasashe 30, tsakanin 1991 da 2007, kuma dalilin da ya zo na farko a amsoshinsu shi ne irin rayuwar da suka ga Kiristoci na yi. Dole a karɓi wannan bincike da lura, tun da waɗanda suka riga suka tuba ne kawai aka tambaya, masu tambayar kuma masu bishara ne, amma ya yi daidai da abin da dattawan ikilisiya suka daɗe da sani. Game da intanet ɗin kansa, a wani bincike da aka wallafa a 2018, Chris Bail na Jami'ar Duke da abokan aikinsa sun biya wasu Amurkawa kuɗi don su riƙa karanta ra'ayin abokan hamayyarsu na siyasa a Twitter tsawon wata ɗaya, sai 'yan jam'iyyar Republican suka fito sun ƙara kafewa a kan ra'ayinsu na da. Wannan siyasa ce, amma in har haka take a kan jam'iyya, to ina ga abin da mutum ya sha a nono.

Wannan bai sa hujja ta zama aikin banza ba. Manzo Bulus ya yi muhawara da masana falsafa a Atina, kuma sura ta 17 ta Ayyukan Manzanni ta faɗi sakamakon ba tare da ƙari ba: waɗansu suka yi ba'a, waɗansu suka ce sa sake saurarensa, 'yan kaɗan suka ba da gaskiya. Nabeel Qureshi, wanda ya bar Musulunci ya zama Kirista a 2005 ya kuma rasu a 2017, ya kai ga tubansa ta hanyar muhawara mai zafi, amma muhawarar da abokinsa na jami'a David Wood ce, wanda suka yi shekaru suna ci tare suna tafiya tare. Hujjar ta samu shiga ne domin akwai amanar da ta ɗauke ta. Ka shiga kowace hira da wannan sani, ka rage burinka daga "yau sai na kiristantar" zuwa abin da zai yiwu, wato mutumin ya tashi ya fahimci abin da ka gaskata fiye da jiya, kuma yana marmarin sake magana da kai.

Ka auna wurin da kake magana

Sashe na 38 na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ba kowa 'yancin addini, har da 'yancin sauya shi da na yaɗa shi. Duk da haka, sashe na 210 na kundin Penal Code da ake aiki da shi a arewa ya haramta cin mutuncin addini, jihohi 12 kuma suna aiki da shari'ar Musulunci tun daga farkon shekarun 2000. Bayan doka akwai fushin taro, wanda ba ya jiran alƙali. Rikicin Kafanchan na watan Maris 1987 ya faro ne daga wani wa'azi a Kwalejin Ilimi, ya bazu har Kaduna da Zariya da Funtuwa. Ranar 12 ga Mayu 2022 aka kashe ɗaliba Deborah Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato, bayan an zarge ta da ɓatanci a wani saƙon murya da ta tura zauren WhatsApp na 'yan ajinsu. Kisan nan zalunci ne tsagwaronsa, kuma Majalisar Sarkin Musulmi ta yi tir da shi. Rhoda Jatau, ma'aikaciyar lafiya a jihar Bauchi, ta yi kimanin wata 18 a tsare saboda wani bidiyo da ta tura a kan wannan kisa, kafin kotu ta wanke ta a Disamba 2024.

Ban kawo waɗannan don in ɗora laifi a kan waɗanda aka zalunta ba. Na kawo su ne don ka san cewa magana zarar bunu ce, kuma a intanet ana iya yanke jimla ɗaya daga cikin hirarka a yaɗa ta inda ba ka taɓa zuwa ba. Saboda haka ka ɗauki ƙa'ida ɗaya da ba za ka karya ba ko an tunzura ka: kada ka taɓa mutuncin Annabin Musulunci, ko Alƙur'ani, ko iyalansa da sahabbansa, da zagi ko habaici ko hoton ba'a. Ka yi magana a kan abin da kai ka gaskata game da Yesu, wannan kaɗai ya ishe ka aikin shekaru. Ko da babu doka babu barazana, wannan ita ce tarbiyyar da 1 Bitrus 3:15 ta koyar, inda aka ce mai bi ya kasance a shirye ya ba da dalilin begensa, amma da tawali'u da ladabi.

Ka koyi addinin abokin hirarka daga bakinsa, ka kuma gyara kalmominka

Yawancin muƙabalolin da nake gani, kowane ɓangare yana dukan wani gunki ne da ya sassaƙa da hannunsa ya sa masa sunan addinin ɗayan. Kirista ya kwaso jerin zarge-zarge daga wani bidiyo da aka yi a Turai, Musulmi ya kwaso nasa daga wani wa'azi, sai a yi ta jifa babu mai sauraro. Maganin wannan shi ne tambaya. Kafin ka musanta wata magana, ka maimaita wa mutumin abin da ka fahimta daga gare shi, ka tambaye shi ko haka yake nufi, kada ka ci gaba sai ya ce e. Idan za ka ambaci ayar Alƙur'ani, ka karanta ta a fassarar da Musulmi suka amince da ita, irin ta marigayi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi ko ta Sheikh Nasiru Kabara, ka duba abin da ke gabanta da bayanta, kamar yadda kai ma ba ka son a tsinko rabin aya daga Linjila a kafa maka hujja da ita.

Mu masu magana da Hausa muna da wata dama da Turawa ba su da ita, domin da Kirista da Musulmi duk Allah muke cewa, kuma tun fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1932, wadda Dakta Walter Miller na Zariya ya yi wa hidima, kalmomi irin su annabi, zunubi, tuba, aljanna, Attaura, Zabura da Linjila na kowa ne. Amma a nan ma tarkon yake, domin kalma ɗaya na iya ɗaukar ma'ana biyu. Idan ka ce "Ɗan Allah", abin da kunnen Musulmi ke ji shi ne Allah ya yi aure ya haihu, abin da Suratul Ikhlas da yake karantawa kullum ta kore, kuma abin da kai ma ba ka yarda da shi ba. To ka faɗi hakan a fili tun farko, ka ce babu Kiristan da ya gaskata Allah ya ɗauki mata. Hausa da kanta za ta taimake ka, domin muna cewa ɗan Kano, ɗan kasuwa, ɗan hanya, ba tare da wani ya zaci Kano ko kasuwa sun yi naƙuda ba. Misalin bai ƙare bayanin koyarwar ba, kada ka yi kamar ya ƙare, amma yana buɗe ƙofa ka bayyana cewa maganar a kan dangantaka ta har abada ce tsakanin Allah da Kalmarsa. Haka batun Triniti, wato koyarwar Allah ɗaya cikin Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Da yawa suna zaton Allah da Maryamu da Isa muke nufi, ko kuma alloli uku, alhali shahadar Kirista ta fara ne da cewa Allah ɗaya ne, kamar yadda Yesu da kansa ya faɗa a Markus 12:29. Mutumin na iya ƙin yarda bayan ka bayyana, kuma haƙƙinsa ne, amma aƙalla abin da ka gaskata ne ya ƙi.

Sannan ka guji kalmomin da ke rufe kunne. Yadda "arne" da "kafiri" ke sosa maka rai, haka "'yan ta'adda" ko "masu bautar dutse" ke sosa nasa. Ka kira babba da Malam ko Alhaji ko Hajiya, ka fara da sallama da gaisuwa kamar yadda za ka yi a zaurensa.

Abu mafi wuya ga matasa shi ne amincewa da gaskiya idan tana hannun abokin hamayya. Za a ce maka ƙarshen Markus, daga 16:9 zuwa 20, babu shi a tsofaffin kwafi biyu na ƙarni na huɗu da ake kira Sinaiticus da Vaticanus, kuma gaskiya ne. Za a ce labarin matar da aka kama da zina a Yohanna 7:53 zuwa 8:11 ba ya cikin kwafi mafi tsufa, wannan ma gaskiya ne, fassarori da yawa sun rubuta hakan a ƙasan shafi. Idan ka musanta, kuma mutumin ya bincika ya gano, to duk abin da ka faɗa bayan nan ya zube. Ka amsa cewa haka ne, sannan ka bayyana cewa malaman Kirista ne da kansu suka gano waɗannan bambance-bambance ta hanyar gwada dubban kwafin Helenanci, kuma labarin gicciye da tashin Almasihu bai rataya a kan waɗannan wurare ba. Idan kuma aka yi maka tambayar da ta fi ƙarfinka, ka ce za ka tambayi fastonka ko ka yi bincike ka dawo, kuma ka dawo ɗin.

Ka janye hirar daga idon 'yan kallo

A ƙarƙashin rubutun da kowa ke gani, mutum ba da kai kaɗai yake magana ba. Abokansa, 'yan'uwansa, wataƙila malaminsa ma suna kallo, kuma cewa "ka yi gaskiya a nan" tamkar tsiraici ne a kasuwa. Kai ma haka ne, masu danna maka alamar so suna tura ka ga neman kalmar da za ta fi zafi. Manhajojin kuma an tsara su ne su riƙa ɗaga abin da ya fi jawo martani, faɗa kuwa shi ne kan gaba. Don haka a fili ka taƙaita, ka amsa tambaya ɗaya da ladabi saboda masu karatu na shiru, kada ka bi mutum daga batun gicciye zuwa cin naman alade zuwa tarihin 'yan mulkin mallaka a zama ɗaya. Idan ka ga alamar yana son sani da gaske, ka gayyace shi hira ta saƙon sirri, ko ta kiran waya, inda murya ke ɗauke da abin da rubutu ke zubarwa. Namiji ya haɗa mace mai tambaya da wata amintacciya daga zumuntar mata, domin kare mutuncin kowa. Yaron da bai balaga ba kuwa, kada ka shiga hirar sirri da shi a kan sauya addini a bayan idon iyayensa.

Wanda ya zo don zagi kawai, ka yi masa sallama ka wuce. Bulus ya gargaɗi Timoti a wasiƙarsa ta biyu, 2:23 zuwa 25, a kan gardamar banza mai haifar da husuma.

Idan wani ya zo da tambaya ta gaske

Wata rana, wataƙila bayan watanni, wani zai rubuto maka cikin dare ya ce yana so ya karanta Linjila. A nan ne nauyi ya fara. Kada ka ɗauki hoton hirarku ka watsa a zauren majami'a da sunan shaida ko roƙon addu'a, domin a ƙasarmu wanda aka ce ya yi ridda na iya rasa aure, gado, wurin kwana, wani lokaci har da ransa. Kada ka yi masa alkawarin kuɗi ko aiki ko makaranta, gama tuban da aka saya ba ya daɗewa, kuma yana tabbatar da zargin da aka daɗe ana yi wa masu bishara. Ka nuna masa inda zai sami Littafi Mai Tsarki na Hausa a wayarsa, ka ba shi shawara ya fara da Luka ko Yohanna, ka bar shi ya karanta da kansa ya kawo tambayoyinsa. Ka faɗa masa gaskiyar abin da zai iya biyo baya, kada ka gaggauta shi zuwa baftisma, kuma idan ya yarda, ka haɗa shi da wani dattijon ikilisiya mai riƙon asiri da ke kusa da shi, wanda zai iya zama da shi ido da ido. Ka kuma yi hattara, domin ba duk mai tambaya a ɓoye ne mai neman sani ba. Ka rubuta kowace kalma kamar za a karanta ta gobe a gaban mai unguwa.

Mafi yawan waɗanda za ka yi hira da su za su ci gaba da zama Musulmi, ko masu addinin gargajiya, ko marasa addini, har ƙarshen rayuwarsu, kuma yadda ka riƙe su bayan ka tabbatar da hakan shi ne zai nuna ko ƙaunar da kake wa'azi a kanta ta gaskiya ce. Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa na Kaduna sun taɓa jagorantar matasa masu gaba da juna, Wuye har ya rasa hannunsa a wani rikici a 1992, amma tun 1995 suke aikin sulhu tare, ba tare da ɗayansu ya bar addininsa ba. Saurayin nan na ƙarƙashin darbejiya na ba shi aiki ɗaya, na ce ya zaɓi mutum ɗaya daga cikin waɗanda ba su toshe shi ba, ya rubuta masa ya ba shi haƙuri a kan zafin kalamansa, ya tambaye shi lafiyar iyalinsa, kuma kada ya ambaci addini sai shi mutumin ya tayar. Ashe mutumin tela ne a Sabon Garin Zariya, tafiyar 'yan mintoci daga gidansu. Da Kirsimeti ya gabato yaron ya kai masa ɗinki, da babbar Sallah kuma telan ya aiko masa da naman layya. Har yanzu suna gardama a kan gicciye, a kan benci a ƙofar shagon.